Wayar Matacce

Mun tashi daga Zuru da asuba, ni da ƙanena, ruwan da aka kwana ana yi bai gama ɗiga daga kwanon tasha ba. Masu tambaya ina na shiga kwana biyu, me ya sa shagon ɗinki yake rufe, to ga amsarku nan, ku gyara zama. Wadda na riƙe wa ɗinkin biki kuma ta yi haƙuri, in ta karanta wannan za ta san ba yawon banza na tafi ba.

Ƙanen nan nawa shi ne autanmu. Soja ne, yana can gabas inda ake fama. Baba ma tsohon soja ne, a bariki aka haife mu gaba ɗaya, kuma don ya san abin da ke ciki ya rantse ɗansa ba zai sa kaki ba. Auta ya je ya shiga a ɓoye. Tun daga ranar Baba bai ƙara ɗaga wayarsa ba, in an ambaci sunansa ma sai ya saɓi fartanya ya bar gidan. Haka aka yi shekaru. Da ciwo ya kwantar da Baba a bazarar bana, wata rana ya kore mu daga ɗaki, ya ɗauki wayar da na saya masa ya yi magana a cikinta da yarenmu, shi kaɗai. Ya iya ɗaukar murya, don da ita yake ɗauko waƙoƙin zumuntar mata a coci ya zo ya dame mu da su. Da ya gama ya ce wannan na Auta ne, kada wanda ya saurara, kada a tura, in ya zo ya ji da kunnensa a gidan ubansa. Ya kashe wayar ya sa Mama ta kulle a akwatinsa na ƙarfe. Ba a jima ba ya rasu, kuma ba a ba Auta hutun jana'iza ba. Sai yanzu da damina ta yi nisa aka sake shi na ɗan lokaci, kuma abin da ya kawo shi ke nan, ya ji ko uban ya yafe masa ko bai yafe ba.

Ƙauyenmu yana gaba da Kanya kaɗan. Motar da muka samu irin wadda ake ɗura mutane ce har sai ƙofa ta ƙi rufuwa, sannan direba ya zagayo ya danna da ƙugu. Kuɗin da na biya bara na je na dawo, yanzu zuwa kaɗai yake kai mutum, kuma in ka yi magana a ce ka je gidan mai ka yi. Amma gari ya yi kyau, ba ƙarya. Duwatsu sun yi kore shar, dawa ta kai ƙugu, mata na tafe da kaya a kafaɗa irin namu. Bayan Ribah ne hanya ta fara nuna halinta, rami ya cika da ruwa ba ka san zurfinsa ba sai ka ji kanka ya bugi rufin mota. Muka wuce gonaki da dama da ciyawa ta cinye, masu su sun gudu. A shingen 'yan sa-kai kuwa, Auta yana cikin kayan gida amma suna ganin askinsa da zamansa sai su ƙame su sara masa. Wata tsohuwa a gefena ta ce ita daga yau sai ta ga mai irin wannan askin za ta shiga mota.

Daga Kanya muka hau kabu-kabu. Mun tarar da Mama tana jiranmu a ƙofar gida tun ba mu sauka ba. Aka yi kuka, aka je kabari aka yi addu'a, aka dawo aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa, Auta bai iya ci ba. Mama ta lura, ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin tsumma. Ta zauna tana kwancewa, ƙulli cikin ƙulli, har ta kai ƙarshe ta ɗora masa a tafin hannu da hannu biyu. Layin waya ne. Ɗan katin nan kawai da bai kai farce ba.

Na ce, "Mama, ina wayar?"

Ta ce, "Ai sun zo sun karɓa."

Jama'a! Su wa? Sai da muka bi ta a hankali muka gane. Wai kasuwar da ta wuce wani mutum ya shigo ƙauye a kan babur, da rigar kaki da lasifika, yana shela ina masu matacciyar waya su kawo. Hausar Mama ta bariki ce, da girmanta ta koya, ba ruwanta da mace ko namiji, ni ma in ta ga dama "shi" take ce mini. Matacciya da matacce duk ɗaya ne a kunnenta. Abin da ta ji shi ne ana karɓar wayar matacce. Ga shi ta yi zaman bariki, ta sha ganin in soja ya mutu ana zuwa a karɓi kaki da takalma da bel har da makullin ɗaki. Tun da aka binne Baba take mamakin yadda ba wanda ya zo karɓar komai. Tana jin lasifika ta ce to, sun iso. Ta buɗe akwati ta ɗauko waya mai rai da lafiyarta ta kai masa. Ta gaya masa akwai saƙon ɗanta a ciki, shi kuma ya zare layi ya miƙa mata ya ce komai yana nan. Har ya ba ta sabuwar rediyo mai fitila, ta ce gwamnatin yanzu ta fi ta da kirki.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi ihu. Kun san bakina. Na faɗi maganganu har maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Auta kuwa ya dunƙule hannunsa a kan layin ya tashi ya fita. Mama ta dube ni, ta dubi ƙofa, sai a lokacin ta fahimci abin da ya faru. Ta shige ɗaki ta rufo. Na fizgi rediyon nan na jefa a jaka na bi bayan Auta.

Sa'armu ɗaya, ranar kasuwar Kanya ce. Ba mu sha wahalar nemansa ba, lasifikarsa ce ta kai mu. Ya baje rediyoyi da fitilu da bokitan roba a gindin wata bishiya, ga buhu a jingine da babur cike da wayoyi. Mutumin Zamfara ne, rigar kakin ma ta gwanjo ce, ko maɓalli babu. Na tsaya a kansa na zazzage masa. Ya bari na gama sannan ya ce, "Hajiya, ni matacciya nic ce, ban ce ta matacce ba. Ita tak kawo da hannunta." Na ce to don me ka ce mata komai yana cikin layi? Ya ce, ko kunya babu, haka suke gaya wa kowa, in ba haka ba mutane ba sa saki. Ikon Allah! Na ɗaga hannu, Auta ya riƙe mini wuyan hannu ya mayar ƙasa. Shi ya tambaye shi a natse ina wayar take, mutumin ya ce ya kai wa maigidansa a Zuru.

Kafin mu bar wurin na tambaye shi abin da ya tsaya mini a rai, yadda za a yi mutum ya ba da sabuwar rediyo a kwali a kan tsohuwar waya. Ya yi dariya ya ce ai kayan cikin waya ɗaya sun fi rediyon nan daraja nesa ba kusa ba, shi da buhu ake kawo masa rediyoyin. Na dubi rediyon, ga fitila, ga wurin sa memori, ga eriya tana ƙyalli. Na kasa gane lissafin. Muka sayi gasasshiyar masara muka kama hanyar komawa Zuru.

Abin haushi, gidan da ake tara kayan yana bayan layin 'yan walda, katangar da nake wucewa kullum in zan je shago. Ban taɓa sanin abin da ke ciki ba. Muna shiga na tsaya cak. Wayoyi tsibi guda, tsofaffin kwamfutoci tsibi guda, rediyo, caja, fitilun sola, duk na ƙasar Zuru, daga Danko, daga Sakaba, daga ƙauyukan da ko hanyar mota babu. Magidanta na zaune a kan buhuna suna warewa, ana ɗorawa a sikeli kamar gyaɗa. Maigidan dattijo ne mai sanyin magana, ya saurare mu har ƙarshe ya girgiza kai. Ya ce kayan wancan makon sun riga sun bi motar hatsi zuwa Kano. Ya tambaya ko gilashin wayar yana da tsagi. Na ce a gefe ɗaya, ta taɓa faɗuwa a gona. Ya ce in tana da rai ba tabo, da ranta ake sayarwa, amma in gilashi ya tsage yankawa ake yi. Haka suke magana, sai ka ce mahauta. Yanka, fiɗa, kayan ciki. Ya kwatanta mana Alhajin da yake kai wa, ya ce mu yi sauri, kaya ba sa kwana da yawa a can.

Hutun Auta ya kusa ƙarewa. Na dube shi na ce me ka gani? Ya ce, "Yaya, ko banza in san na bi." Washegari muka sake yin sammako.

Hanyar Kano ta Maga da Daki Takwas da Anka muka bi, kuma duk wanda ya san hanyar ya san ba ta hira ba ce. Akwai wurin da direba ya tsaya ya jira motoci suka taru sannan aka tafi a jere. Mota ta yi tsit, mai carbi yana ja, ni ina karanta Zabura a zuci, wani ɗan kasuwa a gaba da ya dame mu da labarin siyasa tun daga tasha ya haɗiye harshensa. Sai da muka hango Gusau aka fara numfashi, ɗan kasuwan ya ɗora daga inda ya tsaya. A nan muka ci waina da miyar taushe, mai zafi, sai dai wainar ta ƙanƙance har kana iya jefa biyu a baki lokaci guda. A Funtuwa na sayi rake don kada barci ya ɗauke ni. Da yamma muka shiga Kano, muka sauka wurin 'yar ƙanwar Mama a Sabon Gari.

Da safe muka nufi kasuwar waya. Kai, jama'a! Na zaci na san hayaniya. Kowane shago da waƙarsa, kowa yana ja maka hannu, kuma a Kano ko kin sa gicciye a wuya Hajiya ce ke. Shagon Alhajin daga gaba tsaf yake, gilashi ko'ina, caja da belun kunne da fawa-banki a jere cikin kwalaye masu ƙyalli. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, ya sha zuwa Sin sarin kaya. Da ya ji daga inda muka taso da abin da ya kawo mu, sai ya bar ciniki ya ce mu biyo shi. Muka bi wani lungu muka shiga wani dogon ɗaki a baya. Warin ƙonanniyar roba ne ya fara tarbarmu.

A nan ake yankan. Mutane na zaune a dogon benci, kowa da aikinsa. Wannan ya ɓalle bayan waya ya jefa a buhu, wannan ya cire batir, wannan lasifika, wannan kyamara, wannan ya zare faifan ciki mai launin kore da suke kira fanel. Kafin ka ƙifta ido waya ta zama tsibi-tsibi. A wani gefe ana fasa batiran tsofaffin kwamfutoci ana fito da ƙananan batira masu kama da na tocila. Ana taɓa kowanne da ɗan ƙwan fitila, wanda ya kawo haske a sa masa sabuwar riga ta leda mai launi, a hura masa zafi ta lafe, ya koma sabo fil. Da idona na gani.

Alhaji ya sa aka fara duba buhunan Zuru. Muna jira na fito da rediyon Mama na dangwara masa a gaba, na ce ya gaya mini yadda aka yi wannan ta fi tsohuwar waya araha. Ya ɗauki sukundireba ya buɗe ta. Wallahi ciki fayau, kamar an share ɗaki. Ɗan fanel a kusurwa, batir ɗaya, sai wani guntun ƙarfe da aka manne da gam. Na ce wannan fa, me yake yi? Ya ce ba ya komai, don ki ɗaga ki ji nauyi ne ki ce mai kyau ce. Ya ɗauki reza ya yage rigar batirin, sai ga tsohon rubutu a ƙasa, ya dushe. Ya ce wannan ya gama aikinsa a kwamfutar wani tun ba yau ba.

Ban rufe baki ba ya ɗauko fawa-banki daga kwali, batirin nan na cajin waya, irin wanda nake da shi a jaka, ya fasa. Batira uku ne a ciki. Ya tsinke biyu ya huda, sai rairayi ya zubo a kan tebur. Rairayi, jama'a, irin na rafi! Na ce Yesu! Ya yanke wayar caja ya nuna mini zaren ciki, ja kamar tagulla, ya kawo maganaɗisu sai ga shi ya manne. Ƙarfe ne aka shafa wa launi. Ya buɗe kan cajar ya nuna mini guraben da aka bari ba komai, ya ce nan ne ake sa abin da ke tare wuta in ta yi yawa, cire shi ake yi don a rage kuɗi, shi ya sa take cinye waya, wani lokacin ta cinye ɗaki. Memori ma haka, a rubuta babba a jiki alhali cikinsa ɗan mitsitsi ne, in ya cika sai ya riƙa taka na baya yana ɗora sabo, kai kana can kana murna ka adana hotunan biki.

Na ce, Alhaji, kuma ka sani kake sayarwa? Bai ji haushi ba. Ya ce a can inda ake ƙerawa ba a tambayarka wane iri kake so, kuɗinka ake tambaya. Ka faɗi abin da za ka biya su ƙera maka daidai shi, kwalin dai iri ɗaya ne. Wanda babban kamfani ya gwada ya ga bai cika ba ya zubar, akwai masu saye da buhu. Wanda muka yar a nan, a kwashe a kai Legas a sa a jirgin ruwa, a ciccire abin da ke da sauran amfani a mayar cikin sabon kwali ya dawo mana. Ya ce, "Hajiya, ina kawo mai kyau, ga shi can yana shan ƙura. Kowa ya shigo, ba mai araha? Ke ba kya faɗa?" Ina faɗa kuwa, har da harara.

Ana cikin haka aka juye buhun bayan wayoyi a ƙasa. Baba yana da wata ɗabi'a ta soja, komai nasa sai ya karta masa lambarsa ta aiki da ƙusa, bokiti, fartanya, kujera, har wayar. Muka durƙusa ni da Auta muna tonawa. Mun jima, hannuwanmu suka yi baƙi. Shi ya gani. Ya ɗago wani baƙin murfi, ga lambar nan da hannun Baba, karkatacciya. Amma murfi ne kawai, ba komai a jikinsa. An riga an yanka ta.

Alhaji ya kai mu ƙarshen benci wurin wani mai furfura a gemu, da tabarau mai kauri da wani abu kamar bindiga mai hura iska mai zafi. Shi ne mai cire abin da suke kira ƙwaƙwalwar waya, inda hoto da murya da komai suke zama. Ya nuna mana a kan wani fanel. Ya hura zafi, ya sa ɗan hantsaki ya ɗago wani baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai kai ƙwayar kabewa ba. Ya ce wannan ya fi komai tsada a jikin waya. Daga nan sai ya ɗora shi a wata 'yar na'ura a wanke shi tas, don masu saye ba sa karɓar mai kaya a ciki. Auta ya tambaya na Zuru fa. Mutumin ya dubi Alhaji, ya dube mu, ya ce jiya ya gama da su. Ya jawo wani gwangwanin madara ya ajiye a gabanmu, cike da baƙaƙen ƙwayoyin nan, duk iri ɗaya.

Na ce ba a dawo da abin da aka wanke? Ya ce irin wannan wankin a'a, ko da an san wacce ce, balle ba a sani ba. Na ce ina za su yanzu? Ya ce jirgi za su bi, su dawo a matsayin memori da filas na kwamfuta masu araha, a ɗura musu waƙoƙi a kai kasuwannin ƙauye.

Auta ya sa yatsunsa cikin gwangwanin ya ɗebo, ya bari suka zube. Ya sake ɗebowa. Sai na ga ya zauna a ƙasa cikin tarkacen nan, ƙato da shi, mutumin da ke kwana a daji da bindiga. Ni kuwa na fasa kuka, ban damu da kowa ba. Duk bencin aka daina aiki. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, gwangwanin nan cike yake. Namu ɗaya ne a ciki. Sauran na su wane ne, me ke cikinsu, wace tsohuwa aka ce wa komai yana cikin layi? Alhaji ya yi ta cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ku haƙuri, har ya ɗauko sabuwar waya zai ba Auta. Auta ya gode ya ce a bar ta. Murfin kawai ya sa a aljihu.

Daga Kano ya wuce bakin aiki, don komawa Zuru ba zai yiwu ba. A tasha na saya masa gurasa da balangu, ya karɓa ya riƙe bai buɗe ba. Na ce ya kira Mama in ya samu dama. Ya ce to. Da mota za ta tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, ki bar damuwa. Wanda bai ɗaga wayata ba yana da rai, ai na san abin da zai faɗa." Ni ma ban san abin da Baba ya faɗa ba, balle in ƙaryata shi. Haka ya tafi.

A hanyar dawowa ni kaɗai na yi ta juya abin da na gani. Na tafi neman murya na dawo da ilimin da ban nema ba. Yanzu na san abin da ke sa kayan nan araha: rabinsu gawar kayanmu ce aka yi wa sabuwar riga, sauran kuma an cire musu duk abin da ido ba ya gani. Ban ce kowa ya sayi mai tsada ba, na san halin da ake ciki, amma cajar da ta fi ƙosai araha kada ku bar ta a wuta ku fita. Kuma don Allah ku zauna da tsofaffinku ku gaya musu da yaren da suke ji, layi ba ya riƙe murya, ba ya riƙe hoto. Abin da kuke ƙauna a waya ku ajiye shi wuri biyu, ko mai shi ya hana. Fawa-bankina kam tun a Gusau na ba wa kwandon shara.

Na kwana a Zuru, gari na wayewa na wuce ƙauye. Mama ta rame, idanunta sun shige. Maƙwabciya ta ce tun tafiyarmu ko kunu sai an matsa mata. Na zauna kusa da ita na ba ta haƙurin ihun da na yi, sannan na gaya mata gaskiya, ba a samu ba, kuma ba za a samu ba. Na gaya mata abin da Auta ya faɗa a tasha. Can ta ce, da yarenmu, ranar da Baba ya kore mu ita ba ta yi nisa ba, tana bayan ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ji maganar ba, muryarsa ta riga ta yi ƙasa, kuma ta ji tsoron kasa kunne. Amma ta ji ya yi dariya. Kuma ta ji ya ce Ɗan Tumbi, sunan da yake tsokanar Auta da shi yana ƙarami, wanda bai sake fita daga bakinsa ba tun da yaron ya sa kaki.

Na ce, "Mama! Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Shi ya tashi ya fita, ke kina ihu."

A ƙauyenmu sai an hau dutsen bayan coci ake samun sabis. Na kama hannunta muka hau, tana hutawa muna ci gaba. Na kira Auta, kiran ya ƙi shiga, na sake, na sake, can ya ɗaga, ana jin ƙarar mota da iska. Na miƙa mata. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta faɗa masa yadda ta faɗa mini, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Sai na ji muryarsa, ƙarama, kamar ba ta soja ba.

"Mama, dariya sosai?"

Ta ce, "Har da tari."